Kan Ƙwarya a Ƙofar 'Yandaka

A shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, ina aiki a wani ɗan kamfanin ɗaukar bidiyo a Katsina. Yawanci biki muke ɗauka da taron siyasa, don a lokacin kowane ɗan takara yana son ganin fuskarsa a kaset. Ni kaɗai ce mace a wurin, kuma ni ke riƙe makirufo idan za a yi hira da mutane. Mai kyamara wani abokin aikina ne, dogo, mai sanyin magana, shi ne kuma ke tuƙa tsohuwar motar kamfanin. Malam nake ce masa, shi kuma yana ce mini Hajiya, ko da yake ban je Makka ba tukuna.

Ni na kawo shawarar mu yi shiri a kan wani tsohon fim na ban tsoro da aka yi a garinmu tun ina firamare. Duk wanda ya tashi a Katsina a wancan zamanin ya san shi. Labarin wani ɗan kasuwa ne da 'yan fashi suka fille wa kai a daji, sai kan ya riƙa bin su gida-gida, ya hau katanga yana kiran sunayensu. In aka nuna shi a talabijin ɗin maƙwabtanmu, mu yara sai mu yi kwana da kwanaki ba ma yarda mu shiga banɗaki mu kaɗai. Mai kamfanin ya amince, da sharaɗin mu yi aikin a ranakun da babu taro.

Yawancin waɗanda suka yi fim ɗin sun rasu ko sun bar gari. Amma a wani lungu na Ƙofar Durɓi muka sami wanda ya fito a matsayin ɗan kasuwar. Tsohon malamin zane ne da ya yi ritaya, gajere, mai furfura da yawan dariya. Baba muke ce masa. Ranar da muka fara zuwa, bayan mun gama gaisuwa, ya shiga ɗaki ya fito da wani buhu, ya zazzage shi a kan tabarma. Sai ga kan. Na ja da baya har na buge ƙofar zaure.

Baba ya yi dariya har da tari. "Ɗiyata, ƙwarya ce hwa. Taɓa ki ji."

Shi ya haɗa shi da hannunsa, yana duban madubi. Ya lulluɓe ƙwarya da jiƙaƙƙiyar takarda da ƙaro, ya fitar da hanci da leɓe irin nasa, ya karɓo gashi a wurin mai aski, ya yi wuyan da fatar akuya. Shekaru sun dusashe fentin, amma kamannin suna nan.

Muka yi hira da shi a gida, sannan muka sa ranar zuwa wajen Batagarawa, gindin kukar da aka ɗauki wurin yankan. Baba ya zo da gwangwanin jinin rago da ya karɓo a mahauta da safe. Malam ya ce ai akwai jan fenti a mota.

"Fenti ba shi kama ido a kyamara," in ji Baba. "Wancan karon ma jini muka sa. In za ku nuna wa mutane yadda aka yi, ku nuna daidai."

Ya shafe wuyan da jini, ya ɗora kan a kan wani kututture, ya tsaya gefe yana ba da labari: yadda ya shiga rami aka rufe shi da ganye har wuya, yadda tururuwa suka cije shi ya daure bai motsa ba. Wasu Fulani da ke kiwo kusa suka matso suna kallo. Da farko sun tsaya nesa, daga baya wani dattijo cikinsu ya zo ya ƙwanƙwasa kan da sandarsa, ya ji ƙarar ƙwarya, suka bushe da dariya. Har nono suka ba mu. Da muka gama, Baba ya mayar da kan cikin buhu, muka sa a but ɗin mota. Makullin but ɗin ya daɗe da lalacewa, da waya ake ɗaure shi.

Saura wuri ɗaya: wata tsohuwar katanga kusa da Ƙofar 'Yandaka, inda kan ya hau a cikin fim ɗin. Muka shigo gari bayan azahar, rana tana dukan kai. Zaɓe ya matso, bango duk fosta, kuma gari cike yake da raɗe-raɗin wai ana sace mutane ana yanke kawunansu don wasu masu neman kujera. Ba wanda ya ga abin da idonsa, amma kowa yana da wanda ya ba shi labari. A bakin titi kuwa ga 'yan daban garinmu, waɗanda ake kira ƙauraye, suna zaune gungu-gungu da gorori, suna jiran ɗan siyasar da zai kwashe su zuwa taro.

Muna dab da ƙofar, wata akuya ta gilma, Malam ya taka birki. Wani ɗan acaɓa da ke bayanmu ya daki motar. Ba wani karo mai ƙarfi ba ne, ko faɗuwa bai yi ba. Amma wayar ta tsinke, but ya buɗe, buhun ya faɗo. Kan ya mirgino tsakiyar titi ya tsaya, fuska sama, ƙudaje suka taso a kansa.

Wata mata ce ta fara kurma ihu. Sai ɗan acaɓar ya yi tsalle daga babur yana nuna mu.

"Masu yankan kai! Jama'a, ga su nan! Masu yankan kai!"

Malam ya buɗe ƙofa ya fita, hannayensa a sama. "Ku tsaya, bayin Allah, na wasa ne, fim muke…" Bai ƙarasa ba wani ya sauke masa gora a baki. Na ji ƙarar, kamar an fasa busasshen itace. Ya durƙusa, jini da haƙora suna zubowa a tafin hannunsa, suka rufe shi.

Dutse ya fasa gilashin gefena. Hannaye suka shigo ta taga, aka kama mayafina aka shaƙe ni da shi. Aka buɗe ƙofa aka jawo ni waje ta ƙafa, bayana yana gurzar kwalta. Wani ya mare ni har kunnena ya toshe, wani ya fizge ɗan kunnena tare da naman. Ina ta cewa, "Ƙwarya ce! Ku duba, ƙwarya ce!" Amma ni kaina ba na jin muryata.

Baba da kansa ya fito. Na hango shi ta tsakanin ƙafafun mutane, yana rarrafe zuwa wurin kan. Ya ɗauke shi, ya miƙe, ya ɗaga shi kusa da fuskarsa.

"Ku dube shi, ku dube ni!" in ji shi. "Kaina ne, ni na yi shi! Ba ku san fim ɗin ba? Ba mai talabijin a gidajenku?"

Na gaba suka ɗan dakata. Amma waɗanda suka kewaye shi samari ne, 'yan acaɓa da leburori da suka shigo birni daga ƙauyuka, yawancinsu ba a haife su ba lokacin da aka yi fim ɗin. Abin da suka gani kawai tsoho ne riƙe da kai mai jini, mai kama da shi.

"Ɗan'uwansa ya yanka!" wani ya ce daga baya. "Wallahi ƙanensa ne, ku ga kama!"

Wani saurayi mai jan ƙyalle ɗaure a goshi ya ratso taron da barandami. Baba ya kare fuskarsa da hannun dama, ƙarfen ya sauka a kan yatsunsa. Kan ya faɗi, Baba ya bi shi.

A nan ne wani hannu ya kama ni ta ƙugu. Na zaci wani dukan ne, ashe wata dattijuwa ce mai sayar da fura a ƙofar gidanta. Ta ja ni da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba, tana zagin duk wanda ya tare mata hanya.

"Mace ce, 'yan banza! Ba ku da uwaye? Ku matsa ko in tsine muku!"

Ta tura ni zaure, ta danna sakata, ta jingina bayanta da ƙofar. Ana dukan ƙofar da duwatsu, ita kuwa tana salati tana ce mini, "Mi kuka yi? Gaya mini gaskiya, mi kuka yi?" Na gaya mata sunan fim ɗin. Ta zare ido, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Shi ne wancan tsohon? Maza!" Ta ƙwala wa wata matar gidan kira, ta ce ta bi ta ƙofar baya ta kira mai unguwa.

Ta wata tsaga a jikin ƙofar na ga sauran. An kifar da motar. An karɓo fetur a wurin 'yan bumburutu an watsa mata, wuta ta tashi, kyamarar da kasetin ranar suna ciki. Malam yana kwance a bakin kwata ba ya motsi, wani yana ta taka masa haƙarƙari. Wani kuma ya mirgino taya, aka zura ta a wuyan Baba. Yana zaune a ƙasa, ya riƙe hannunsa da aka sara a ƙirji, bakinsa yana motsi. Kalmar shahada yake yi.

Cikin turmutsutsun wani ya taka kan, ya fashe gida biyu. Ƙwarya ta bayyana fara sol, da tsofaffin takardu a ciki. Na ga waɗanda ke kusa sun sunkuya sun duba. Wani ya ɗauki ɓari ɗaya yana juya shi a hannu, ya dubi na kusa da shi, ya yar, ya sulale ya bar wurin. Amma na baya ba su gani ba, suna ta turowa suna ihun a ƙone su, kuma galan ɗin fetur yana tafe daga hannu zuwa hannu ta saman kawunan mutane.

Mai unguwa ya iso ba hula, babbar rigarsa a hannu. Dattijo ne mai jiki. Bai tsaya yi wa kowa magana ba, ya ratsa ya cire tayar daga wuyan Baba, ya kwanta a kansa. Fetur ɗin da aka watso a bayansa ya sauka. Ya ɗago kai ya ce, "To, ku ƙyasta. Duk na san ubanninku. Ku ƙyasta in gani." Dutse ya same shi a ƙeya, bai tashi ba. Haka ya ci gaba da kwanciya a kan Baba har motar 'yan sanda ta zo, aka harba barkonon tsohuwa, taron ya watse, aka bar takalma birjik a titi.

A bayan motar 'yan sanda aka kai mu asibiti, da ankwa a hannun Malam duk da bai san inda yake ba. Sai da babban jami'insu ya ga ɓarin ƙwaryar da idonsa aka cire masa ita. Ni an ɗinke mini kunne an sallame ni. Malam ya karye a muƙamuƙi da haƙarƙari, ya daɗe yana shan kunu ta bututu. Baba ya rasa yatsu uku na hannun da yake zane da shi, idonsa na hagu kuma bai sake gani ba.

An kama wasu samari, har da mai barandamin. Kafin Malam ya fara magana an sake su, aka ce wani babba ne ya yi waya, don ana bukatarsu a yaƙin neman zaɓe. Mai kamfanin ya ce mu bar maganar, shi ma wurin manyan yake samun aiki.

Da Baba ya koma gida na je gaishe shi. Babbar 'yarsa ta tare ni a zaure, ta ce in dai da kyamara na zo in koma. Na ce ba ni da komai sai lemo. Na same shi a kan tabarma, an naɗe hannun, yana koyon riƙe cokali da hagu. Muka gaisa, ya tambayi jikin Malam, ya tambayi kunnena. Sannan ya tambaye ni abin da ya tsira daga aikin. Na ce hirar da muka yi da shi a gida kawai, don ita tana ofis.

"To ku haɗa da ita," in ji shi. "Kada ku sa abin da ya faru. Ba shi cikin fim ɗin."

Haka muka yi. Shirin ya fito gajere, Baba yana magana da yatsunsa cikakku, da wasu guntayen tsohon fim ɗin da muka samu a wani kaset da ya sha jiki. Malam ne ya tace shi, ko da yake daga nan bai sake fita ɗaukar hoto a titi ba, ya koma gyaran rediyo. Na kai wa Baba kaset ɗinsa, muka kalla tare da iyalinsa a tsakar gida. Jikokinsa suna ta dariya, shi kuwa sai karkata kai yake don ya daidaita idon da ya rage da talabijin, yana gyara wa kansa kuskuren da ya yi a cikin hirar.