Na soya irin gyaɗar ƙanena

Edita, a farkon shekarun 1970 ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu, ɗan fari a gidanmu, a wani ƙauye kusa da Toranke. Tunda na yi wayo ban taɓa jin mahaifinmu ya kira sunana ba. In yana nemana sai ya ce a kira masa wancan. Na san al'ada ce, kunyar ɗan fari, amma sanin bai hana abin ci na ba. Autanmu kuwa, mai shekara goma sha biyar, a tabarmar Baba yake zama, shi ke cin ragowar tuwonsa. Duk azumi in malam ya kawo ƙissar Annabi Yusuf, jama'a na tausayin yaron, ni kuma, Allah Ya yafe mini, yayyen nake tausayi.

Abin ya kai ni maƙura shekarar da Baba ya yanke gona mafi kyau a bakin fadama, ya ce gayaunar auta ce, wato tasa ta kansa, ya kuma ware masa zaɓaɓɓen irin gyaɗa. Ni da nake tsufa a gandu, ina neman aure a Kademi, ko kallona bai yi ba! Ranar da matan gida suka tafi suna, maza suna kasuwar Gaya, na kwashi ɓararren irin nan na juya shi a kasko da yashi mai zafi, sama-sama yadda ido ba zai gane ba, na mayar cikin tukunyar da aka ajiye shi. Da ruwa ya sauka har ni aka yi shukar, ina ta zuba wa yaron albarka.

Kwana goma ko tsiro ɗaya babu. Ina cikin jin daɗina sai gwaggona, ƙanwar Baba, ta zo tana salati, ta ce aurena ya lalace. Na tambaye ta me ya haɗa aurena da gonar auta. Ta ce ashe ni sakarai ne, ai gyaɗar tawa ce. Da ita Baba ya yi niyyar haɗa mini lefe, ya fake da sunan auta ne don kada a ce ya nuna so ga ɗan fari. Kowa a gidan ya sani, har autan da yake ta noma mini ita.

Iri ya riga ya yi wuya, daminar kuma ta zo gajera. Iyayen yarinyar da nake nema sun jira shekara guda, suka ba wani. Baba ya rasu bai san abin da na yi ba. Auta na gaya wa bayan shekaru, ya yi dariya har da hawaye, abin da ya fi mini mari zafi.

Har yau haushi biyu nake ji: na wautata, da na shirun Baba. Kalma ɗaya fa! Me za ta rage masa? 'Yan'uwa, kafin hassada ta sa ku aikata wani abu, ku buɗe baki ku tambaya. Iyaye kuma, yaro ba ya ganin abin da ke cikin zuciya, wanda aka zaunar a tabarma yake gani. Ni dai ɗan farina da sunansa nake ƙwala masa kira a tsakar gida. Tsofaffi sun ce ba ni da kunya. Na yarda, ba ni da ita.