Sai In Ingarma Ya Girma

Ku da kuka san Kawu Ilu a unguwar Ranuna ta Madina kun san abin da yake fara yi kowace Juma'a. Zai jawo dokinsa jikin bangon gona, ya ɗora sanda a gadon bayansa, ya ja layi da gawayi. Layin nan kullum wuri guda yake faɗawa, har ya zama baƙin tabo. Amma Kawu sai ya ja da baya, ya kanne ido, ya ce, "Alhamdu lillahi, ya ƙaru."

Dokin kuwa bai kai mini ƙugu ba. Ragon layya mai kyau ya fi shi cika ido. Mai gonar dabinon da Kawu yake wa aiki ne ya sayo wa yaransa shi daga ƙasar waje, da suka gaji da shi ya bar wa Kawu. Shi kuma, ko kunya babu, ya raɗa masa suna Ingarma.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Da na samu karatu a jami'a a Madina, dangi suka ɗora mini aikin lallashinsa ya dawo Kano, tunda tsufa ya kama shi kuma ba mata ba ɗa a kusa. Amsarsa guda ce: "Ka ce musu na yi alkawari. Ranar da Ingarma ya girma zan hau jirgi."

Ya sa an ƙera masa 'yar amalanke da tayoyin keke, yana kai na'ana'a unguwar Anbariyya a ciki. Ingarma na da taurin kai irin na mai shi. In ya ga dama sai ya kafe tsakiyar hanya, motoci na ta ham, Kawu ya sauko yana ba shi haƙuri. In an zo hawa kuwa, Kawu ne ke turawa daga baya. Wani maƙwabcinsa ɗan Sudan, Usman, ya tambaye shi, "Ya Hajj, kai ke turawa, kai ke tafiya a ƙasa. To shi aikinsa me?"

"Shi ya san hanya," in ji Kawu.

Wata rana wani direban tasi ya leƙo yana dariya, ya ce, "Ya Hajj, himar?" Wato jaki. Kawu ya ce, "Husan, doki!" Sannan ya yi masa murmushi mai kyau, ya ƙara da Hausa, "Jaki yana gidanku." Direban ya yi godiya ya wuce.

Abinci ne ya fi haɗa mu rigima. A garin da dabino yake ko'ina, Kawu ya hana kowa ba Ingarma ko ƙwara. Ciyawa kaɗan-kaɗan, ruwa mai sanyi, sai gyaran kofato da sharce gashi a inuwa. Ya ce irinsu in suka yi ƙiba ciwon kofato ke kama su. Na ce, "Kawu, da wannan cin yaushe zai girma?"

Ya ce, "Kai ke sauri. Ni ba na sauri."

Shekarar da ƙafafunsa suka fara kumbura, babban ɗansa Yaya Sani ya sauka filin jirgi da tikiti biyu, ya rantse ba ya komawa shi kaɗai. Ni da aka aiko lallashi, sai ga ni ina fatan kada ya tafi. Na sha ganin tsohon nan in mun wuce Baƙi'a, maƙabartar da ke gefen Harami, yadda yake rage tafiya yana duban kaburburan.

Yaya Sani ya dubi Ingarma, ya dubi tabon bango, ya fita ya ɗauko likitan dabbobi. Likita ya buɗe bakin doki, ya duba haƙora, ya ce wannan ai tsoho ne tukuf, kuma irinsa haka Allah ya yi su, ba zai ƙara ko yatsa ba.

"To Baba, ka ji," in ji Yaya Sani. "Ba zai girma ba har abada."

Kawu ya gyara zama, fuskarsa ta washe. "Madalla. Ni na ce in ya girma zan tafi. Likita ya ce ba zai girma ba. Kai ka kawo shi, ba ni ba. Halas, magana ta ƙare."

Yaya Sani ya sake duban tabon bango. Sannan ya ce a hankali, "Baba, dama ka sani?"

"Tun ranar da aka ba ni shi. Da mai girma ne, ai da tuni kun kai ni Kano."

Yaya Sani ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Ban taɓa jin daɗin kasa aikin da aka sa ni ba irin ranar.

Bayan Hajjin shekarar Kawu ya rasu. Aka yi masa salla a Harami, muka kai shi Baƙi'a a kafaɗunmu. Usman ya ɗauki Ingarma, kuma har dokin ya mutu bai wuce layin gawayin nan ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya yalwata masa makwanci. Yadda ya ƙi barin maƙwabtakar Manzo a duniya, Allah kada Ka raba shi da ita a can.