Tukunyar Kaka Eufemia

Taubashiyata Yuleidis ta shekara uku tana karatu a birnin Barranquilla, ta dawo da takarda mai hatimi, wai ta koyo aikin kula da wasan yara. Wasa fa! Ni da ban wuce aji shida ba ai na fi ta iya shi.

Kullum ta fita tsaf da safe, ta dawo kamar an tono ta daga bakin kogi, niƙi-niƙi da tsofaffin tayoyi da kwalaye. Kakarmu Eufemia, wadda ta raine ta, ta fara yi mata kallon ƙasan ido.

"An kori yarinyar nan daga aiki ne, bola take bi," in ji Kaka. Ni kuwa na ƙara gishiri, na rantse na ga ungulu na gaishe ta.

Sai kaya suka fara ɓacewa a gida: zanen gado, igiyar shanya, ludayi. Ranar da babbar tukunyar romo ta yi ƙafa, Kaka ta ce ko ta ga tukunyarta, ko Yuleidis ta bar mata gida.

Washegari muka bi sawunta. Kaka ta lulluɓa da tawul kada a gane ta, alhali duk garin ba mai gwamen ƙafa irin nata.

A filin bayan coci muka same ta zaune kan taya, ta harɗe hannu. Yara sun kai talatin, sun ɗaura zanen gado a sanda, wata 'yar firit na cikin tukunya tana tuƙa ta da ludayi, wai kwalekwale ne.

"Ɓarauniya! Kuma ko tsawa ba kya yi musu?"

"Kaka, aikin ke nan. In zube musu kaya, in sa ido, in kama bakina. Tukunyar kuma ta huje tun bara, ke kika ce a yar."

"A yar na ce, ban ce a ɗauka ba!"

Ta nufi tukunya gadan-gadan. 'Yar firit ta ƙwalla ihu: "Iya, ga kada nan a bayanki, zai cinye ki! Cikin ruwa kike!"

Tsohuwar da ta shekara goma tana kukan gwiwa, sai ga ta tsaye kan taya, ta tattare siket.

Yuleidis na nan a ɗakinta. Kaka har yau ba ta yarda wannan aiki ba ne, shi ya sa duk Alhamis take zuwa gadin tukunyarta. Ita ce kadan wasan yanzu.