Yinin da Kaka Ta Ɓace Mana a Cikin Duwatsu

Ni haifaffiyar unguwar Ƙuba ce a Madina, kuma a lokacin ban daɗe da fara tuƙa mota ba, ina ji da kaina. Sanyi ya shigo, kowa na fita kashta, wato a je bayan gari a kafa tanti a yini ana shan iska. Na dage mu ma sai mun je, har da kakata wadda tsufa ya fara taɓa wa tunani. Larabcin da ta yi shekara da shekaru tana yi ya gudu ya bar ta, sai Hausar da ta zo da ita tana yarinya a ayarin mahajjata.

Baba ya ce mu kama wuri a sansanin haya da ke bakin titi, mai shinge da banɗaki da mai gadi. Na ce cunkoson can ya yi yawa. Na yi ta lalube a waya har na ga hoton wani kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu, shiru, ba kowa. Ko tambayar akwai sabis a wurin ban yi ba.

Da hantsi muka isa, ni da Baba da ƙanwata da Kaka. Bayan azahar iska ta taso ta tuge turakun tanti, mu ukun muka rufu a kai. Da muka waiwayo, darduma ce kawai da takalman Kaka. Muka watsu muna kira. Ƙanwata na kuka tana kiranta da Larabci, Baba ya daka mata tsawa, ya ce ta yi da Hausa in tana so a amsa mata. Na ɗaga waya sama, ba sabis ko ɗigo. Duwatsun nan kaifi gare su kamar fasasshiyar kwalba, ga ramuka ko'ina, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina leƙawa. Na hango Baba, mai ciwon gwiwa, yana hawan tudu da rarrafe. Inuwa ta yi tsawo, sanyi ya fara sauka, ga Kaka da 'yar riga ɗaya.

Na ja mota zan fita titi neman agaji, sai ga wani makiyayin raƙuma ɗan Sudan yana kaɗa mini rawaninsa. Na bi shi, na tarar Kaka na zaune a gindin ƙaya, ƙafafunta jina-jina, ya lulluɓa mata bargonsa. Ya ce ya yi mata Larabci ba ta kula shi ba, sai da ya gwada 'yar Hausar da ya tsinta wurin maƙwabta a garinsu. Ta shaida masa ayarin mahajjata ne ya wuce ya bar ta, tana bin sawun mahaifiyarta. Ta dube ni, ba ta gane ni ba, ta ce, "Yarinya, kin ga Innata? Ta ce in jira ta, ban jira ba."

Ƙafafunta sun warke, ta kuma manta da ranar ɗungurum. Ni ce na kasa mantawa. Na gane wurin da ya burge idona na zaɓa, ban duba wadda ta fi kowa rauni a cikinmu ba. 'Yan uwa masu shirin fita da tsoho ko mara lafiya, ku sauka inda mutane suke, inda waya ke shiga, ku kuma sa mutum ɗaya ya zauna kusa da shi ko da tanti zai tashi sama. Ba kowane kwari ne Allah zai ajiye muku makiyayi a ciki ba.