Ranar da Inna ta ji waƙata

Jiya ina shiga gidanmu a Roni, sai na ji muryata tana tashi daga wayar ƙanwata, ga Inna tsaye a bakin turmi. Shekara uku ina waƙar hip-hop a Kazaure ban gaya mata ba.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Kai ne wannan mai zuba magana ba numfashi?"

Na ce, "Ni ne, Inna. Matasa baƙar fata ne suka faro irin wannan waƙa a Amurka. Sun rasa mai jin kukansu, sai suka ɗora shi a kan kiɗa."

Ta kasa kunne har baitin da na yi kan wahalar manoman gyaɗa ya wuce, sannan ta yi dariya.

"To ai mu ma haka muke yi. Abin da ba ya faɗuwa a gaban manya, a bakin turmi muke rera shi. Ke, mayar mini da ita farko."

Ta ci gaba da dakanta, taɓarya na sauka daidai da kiɗan.

Na daɗe ban ji daɗin tuwo kamar na jiya ba. Ku fa, wace baiwa kuke ɓoye wa iyayenku har yau?