Ranar da Babana Ya Tsaya wa Karen Maman Ladi

Ku yi haƙuri, ni ɗaliba ce, ban saba magana a gaban manya ba. Amma abin jiya ya ƙi barin raina.

Na dawo daga makaranta na tarar da layinmu a Unguwar Mu'azu cike da mutane riƙe da sanduna. Karen maƙwabciyarmu Maman Ladi yana kwance yana shure-shure, bakinsa na kumfa. Ana ta ihu, "Ya haukace, a kashe shi!" Ita kuwa sai kuka take.

Sai Babana ya taso daga kan keken ɗinkinsa. Ya kalli karen daga nesa, ya ce, "Ku ja baya, kar wanda ya taɓa shi. Ina zaton farfaɗiya ce. A kira likitan dabbobi."

Wani ya ce, "Haba Malam Sani, yaushe tela ya zama likitan karnuka?"

Baba ya ce, "Ni ma haka nake faɗuwa. Tun kafin in yi aure nake shan magani. In kun same ni a ƙasa, sanda za ku ɗauko?"

Sai aka fara sauke sanduna. Ciwon nan ko a gidanmu ba ma kiran sunansa.

Da likitan ya zo ya duba, ya ce farfaɗiyar ce, ya rubuta magani.

Baba da kansa ya ce in rubuta wannan labarin, ya gaji da ɓoyo. Ban taɓa alfahari da shi kamar jiya ba.

Kun taɓa jin kare na wannan ciwon? Kuma don Allah, kun yarje mini in ƙara rubutu wata rana?