Allurar Uwani: Jos, Kano da Ƙofar Ran

Litinin: Bauchi zuwa Jos

Mun fito daga gida a Ƙofar Ran ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, ni da 'yata Rakiya. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwani nake ce mata. Malamar firamare ce. Shekara shida ke nan tana karɓar allurar taɓin hankali sau ɗaya a wata, kuma tun da aka fara ba ta sake kwanciya ba. Likita ya gargaɗe mu kada a bar ranar ta wuce. Ranar wannan watan Alhamis ce.

Duk shekarun nan a Jos muke sayen allurar da kuɗinmu, a can ake yi mata. Ni na tsara haka, domin a unguwarmu in ka shiga asibiti da safe, kafin azahar an san abin da ya kai ka.

Mota ta tashi ƙarfe shida, kowa naira dubu huɗu. Tafiyar kilomita ɗari da talatin ce, mun ratsa shinge uku. A Nabardo direba ya tsaya muka sha shayi. Na ba shi labarin yadda na bi hanyar nan da mahaifina a bayan lori shekarar da aka sami mulkin kai, muka kwana a hanya. Ya ce, "Baba, ai da ni ne direban da kun yi la'asar a Jos." Na ce da shi ne da ba mu isa ba sam.

Ƙarfe tara muna kantin magani na abokina Lamidi, Bayaraben da muka yi aikin jirgin ƙasa tare. Da Yarbanci muka gaisa, da Hausa ya faɗa mini mugun labari: allura ta kusa ninka kuɗinta. Abin da ke aljihuna bai kai ba, fanshona kuwa ba zai ɗauki wannan kowane wata ba.

Na tambaye shi inshorar kamfani, irin wadda ɗansa mai aikin banki yake da ita. Ya ɗauko takardar muka duba. Ciwon ƙwaƙwalwa an ba shi layi ɗaya a ƙasa, da iyakar abin da za su biya a shekara, wanda allura uku za ta cinye. Wanda kuma ya shigo da ciwonsa sai ya jira. Na zauna a Sudan da Chadi da Ghana, ko'ina na tarar ciwon da ba a gani da ido shi ake sa wa a ƙarshen takarda. Lamidi ya ce mu gwada Kano. Muka kwana a gidansa, matarsa ta cika mu da sakwara.

Talata: Jos zuwa Kano

Mun tashi ƙarfe bakwai ta Saminaka, muka shiga Kano ƙarfe ɗaya da kwata, kowa dubu tara. A kasuwar magani na sami allurar ƙasa da farashin Jos da kusan kwata. Amma kwalayen suna zube a rana, mai shagon kuma ya kasa gaya mini inda aka sayo su. Uwani ta juya kwalin, ta ajiye, ta ce ba wannan za a sa mata a jiki ba.

Muka wuce wani babban asibiti. A teburin inshora akwai wata mata mai tabarau, ta ji bayanina har ƙarshe, sannan ta juya ta tambayi Uwani aikinta. Da ta ji malama ce, ta ce ai ana cire mata kuɗin inshorar gwamnati a albashi, ina katinta? Uwani ta zaro shi daga jaka, sabo fil, ko sau ɗaya ba a yi aiki da shi ba.

Matar ta ce mai wannan kati kashi ɗaya cikin goma na kuɗin magani yake biya, in maganin yana cikin jerinsu kuma akwai shi a ɗakin ajiya. Amma katin na Bauchi ne, kuma dole ƙaramin asibitin da aka yi rajista ya rubuta takardar turawa. Ta karanta sunan asibitin. Na unguwarmu ne, wanda Ladi 'yar maƙwabcinmu take shugabanta.

A masauki na fara lissafin sayar da gonata ta Inkil. Uwani ta bari na gama.

"Baba, gonar za ta ƙare, allurar ba za ta ƙare ba."

"Mutane fa, Uwani?"

"Mutane sun gan ni ranar da aka riƙe ni ana sa ni a mota ina ihu. Abin da ba su gani ba shi ne yadda na warke. Ku ne kuka ɓoye wannan."

Na ajiye lissafin gonar.

Laraba: Kano zuwa Bauchi

Ƙarfe shida muka kama hanyar Birnin Kudu da Ningi, kilomita wajen ɗari uku. Ƙarfe sha ɗaya da rabi muka sauka, muka hau keke. Da muka zo kwanar gida Uwani ta ce da mai keke ya wuce gaba, ya kai mu ƙaramin asibitin.

Bencin asibitin cike yake da matan unguwa. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, wata ta tambaye ta ko jikin ne, ta ce allurarta ta wata ta zo karɓar wa takarda. Ladi ba ta tambayi komai ba sai ranar allurar ƙarshe. Ta rubuta, ta buga hatimi, sannan ta dube ni ta ce, "Baba, wata mai zuwa ku zauna a gida ku huta. Ta san hanya."

Ranar Alhamis ƙarfe goma aka yi mata allura a babban asibitin garinmu. Abin da muka biya bai kai kuɗin motar mutum ɗaya zuwa Kano ba. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Lamidi da iyalinsa, da matar teburin nan da ban tambayi sunanta ba. Ranar Juma'a Uwani ta koma aji.